Shekarar da Aka Yi wa Inna Rufin Kwano

Shekaranjiya autana Sanusi ya shigo mini da wani mai haɗa sola, da tef ɗin awo a hannu da fensir a bayan kunne. Azumi saura kwana shida, kuma bana ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin nan namu na Tambuwal da tun hantsi akuya ke manne wa bango tana haki. Wai esi, na'urar sanyaya ɗaki, za a sa mini. Na ce madalla, Allah shi yi albarka. Mutumin ya auna nan, ya auna can, ya ɗaga kai ya dubi silin, sai na ji yana ce wa Sanusi, "Tagogin ga biyu toshe su za a yi da bulo, don kada sanyin shi riƙa fita."

Na ajiye carbina. Na ce, "Malam, ran da batirin ya gaji fa?"

"Ai ba ya gajiya, Hajiya."

"Kai ma da Allah ya halitta kana gajiya, balle batir. Ran da hadari ya rufe rana kwana biyu, ko abin ya lalace mai gyara yana Sakkwato, ta ina iska za ta shigo mini?"

Sanusi ya fara "Haba Hajiya, haba Hajiya." Na ce su sa esinsu, su sa mini fanka a gefe, amma toshe taga sai dai bayan raina. Ya yi dariya ya ce na cika rigima. Ba a haife shi ba lokacin da abin ya faru, kuma ubansa har ya koma ga Allah bai taɓa ba 'ya'yansa labarin ba. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, azumi ya zagayo ya dawo daidai inda ya same mu a waccan shekarar, shi ya sa kwanakin nan ko ruwa na taɓa sai na tuna.

Ni 'yar Fakku ce, ta ƙasar Kebbe. Aure ya kawo ni Tambuwal, kuma lokacin ina shekara ta bakwai a gidan. Gidan ba wani babba ba ne: zaure, ɗakina, ɗakin Inna mahaifiyar maigida, sai rumfar girki da rumbu biyu. Duka ginin ƙasa ne. Inna ta haifi bakwai, shi kaɗai ya rayu, kuma ba ta kiran sunansa na yanka, Nomau take ce masa don da damina aka haife shi. Ni kuwa Kulu take kirana, in na ɓata mata rai ta ce "'yar Kebbe".

Ɗakin Inna soro ne tun na mijinta. Kaurin bangon ya kai kamu guda. Sama azara ce ta giginya, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa aka daɓe. Can kusa da rufi ta gabas akwai wata 'yar kafa da ba ta fi girman ƙwarya ba, ta yamma kuma tsohuwar darbejiya ce ta sunkuyo a kansa. Da bazara in ka shiga ɗakin nan daga rana, sai ka ji kamar ka tura hannu cikin randa. Amma kada in yi ƙarya, soro yana da nasa ciwon. Kowace shekara kafin ruwa sai an hau an yi yaɓe, kuma duk da haka sai ya yi yoyo. A daminar da ta gabaci abin, gara ta cinye azara ɗaya, ruwa ya ɓalle da laka ya zubo daidai kan gadon Inna. Allah ya sa tana bakin ƙofa tana alwala. Maigida ya tsaya yana kallon lakar nan a kan shimfiɗar uwarsa, ya ce in Allah ya kai mu kaka, ta gama kwana ƙarƙashin ƙasa tun tana da rai.

Kaka ta yi kyau. Gero ya yi, dawa ta yi. Ana gama ɗaurin dammuna sai ga kwanon rufi an sauke a ƙofar gida, sabo fil, yana ƙyalli har ba a iya kallonsa. Duk unguwarmu a lokacin gida uku ne ke da kwano, kuma dukansu a ɗakin maigida aka sa. Babu wanda ya taɓa fara yi wa tsohuwa.

Aka kira Baba Bawa magini, shi ne mai yi mana yaɓe duk shekara, aka ce ya sauke rufin. Ina bayan rumbu ina tankaɗe, ina jin su.

"Nomau, bangon ga gajere na," in ji Baba Bawa. "Soro ba ya son tsawo, kwano kuwa ba ya son gajarta. Ka bari in ƙara mishi tubali layi fuɗu. Ka yi silin a ƙasa, ko na zana ne. Kafar ga ta gabas kuma ka bar ta."

"Baba, kafinta ya ce silin sai baɗi ma ana iya yi. Kuma taga ta ƙarfe na sayo, wadda ta fi wagga kafar."

"Ina za ka sa ta?"

"Ta yamma, wajen hanya."

"Rana ka kira ke nan ta zo ta yi la'asar a ɗakin. Iccen fa?"

"Sassabe shi za a yi. An ce ganye na ruɓar da kwano."

Baba Bawa ya ce, "To, mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo." Ya sauke rufin kamar yadda aka sa shi.

Ranar da aka buga ƙusa ta ƙarshe mata suka cika gidan, har da guɗa. Inna ta zauna a bakin gadonta tana kuka tana sa albarka. Ni ma fa na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. In na je rijiya sai a ce "ga matar masu kwano", ni kuwa in ƙara gyara ɗaurin kallabi. An datse darbejiya saura kututture da 'yan rassa biyu, an liƙe kafar gabas da laka, tagar ƙarfe mai koren fenti tana kallon hanya. Duk mai wucewa sai ya ɗaga kai.

Ɗari ne ya fara gaya mana gaskiya, ba mu ji ba. Inna da ba ta taɓa neman wuta a ɗaki ba, sai ga ta tana cewa in kawo mata garwashi a kasko. Soro yakan riƙe ɗumin rana ya kai ka har safe, kwano kuwa rana na faɗuwa yake sakin komai. Ta rufe ƙofa, ta rufe tagar ƙarfe, ta kwana da garwashi, ta tashi da ciwon kai. Na ce, "Inna, ɗakin ga ya fi da sanyi." Ta ce tsufa ne, jini ya yi ƙaranci.

Sai bazara ta shigo, azumi ya biyo ta a baya.

Wanda bai yi waccan bazarar ba ba zai gane ba. Fulanin da ke zama bayan gari sun kaɗa shanunsu sun yi kudu tun da wuri, nono ya zama sai wane da wane. Rijiyar unguwa ta ja baya har muka ƙara wa igiya tsawo sau biyu, guga ya tafi ya daɗe, ya dawo da rabi, rabin ma laka. Ana sallame asuba nake ɗaukar tulu in bi layi. In na yi sa'a in samu uku kafin rana ta ɗago: ɗaya na girki, ɗaya na randa don buɗa-baki, ɗaya na alwala da duk sauran buƙata. Daga nan sai surfe, sai wanke gero da ruwan da za a ba awaki daga baya, sai jiƙa tsamiya, sai daka. Kafin azahar tabarya ta yi ɗumi a hannu, leɓe ya tsage, miyau ya zama kamar ƙaro. Yanzu jikokina firij suke buɗewa su ciro ruwan leda mai ƙanƙara, har su yi tsaki wai bai daskare ba. Mu a lokacin randa ce a binne cikin jiƙaƙƙen yashi, kuma yashin ma sai an yi masa rowar ruwa.

Maigida yana da albasa a fadama. Da asuba zai leƙa ya gaida Inna, lokacin ɗakin lafiya lau. Ya tafi, ya dawo da hantsi, ya shimfiɗa buzu a zaure, wanda har lokacin soro ne mai sanyi, ya kwanta sai kiran salla. Daga masallaci ya zauna tafsiri, sai gab da magariba ya shigo, ya tarar da Inna a tsakar gida a kan tabarma, an ɗan sha iska. Ka ga ke nan bai taɓa sa ƙafarsa a ɗakin nan tsakanin azahar da la'asar ba, ko sau ɗaya.

Ni ce mai shiga. In na ɗaga labule sai zafi ya mare ni a fuska. Ni ba doguwa ba ce, amma in na miƙa hannu ina taɓa kwanon, kuma sau ɗaya na gwada ban sake ba. Yana ta ƙara, ƙas, ƙas, shi kaɗai. Man kaɗanyar da take shafa wa gwiwa ya narke ya zama ruwa a cikin gwangwani. Ƙarfen gado ba ya taɓuwa. In an buɗe tagar yamma rana ta shigo har tsakar ɗaki, in an rufe babu ta inda numfashi zai fita. Tsakar gida kuma babu inuwa tun da aka datse iccen, rumfar girki ga wuta, ga hayaƙi. A cikin wannan ɗakin tsohuwa mai ciwon gwiwa take wuni a kan buzun salla, bakinta da azumi.

Ran biyar ga wata na durƙusa na ce, "Inna, ki dawo ɗakina ki riƙa wuni, da la'asar sai ki koma."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Ni? In shiga ɗakin ɗana in miƙe ƙafa? Kulu, haka aka koya muku a Kebbe?"

"To ki ajiye azumin, Inna. Malamai sun ce tsoho in ya galabaita..."

"Tun ba a haifi uwarki ba nika azumi."

Ta jawo hannuna, tafinta da zafi. Ta rage murya ta ce, "Kuma kada in ji, kada in gani, kin kai mishi wagga magana. Yaron ga ya hana cikinai ya yi mini abin da ba a yi ma kowace tsohuwa ba a unguwar ga. So kike a ce kwanon da ya yi mini ya kore ni?"

Abin da ya ɗaure ni ke nan. Mata kuma ba su daina zuwa ganin ɗaki ba. Su shigo da hantsi, su ɗaga kai, su ce "Kai, Inna, kin haifu," su yi minti biyar su fara share zufa su ce sun bar tukunya a wuta. Ita kuwa ta zauna daram tana murmushi.

Na daure har ran goma sha biyu. Bayan an sha ruwa na kai wa maigida tuwo, na zauna nesa kaɗan, na ce, "Malam, ɗakin Inna ba ya zaunuwa da rana."

Bai ɗago ba. "Ita ta ce miki?"

"Ba ta ce ba."

"To."

"Ba za ta ce ba ko za ta mutu, kai ma ka sani. Ka shiga da azahar sau ɗaya ka ji. Ko kara ne a shimfiɗa a kan kwanon, ga shi nan jibge bayan rumbu."

Nan ya ajiye lomar da ya ɗauka. "In rufe sabon kwano da karan dawa? Mutane su ce mi? Su ce Nomau ya yi abin da ya fi ƙarfinai?" Ya dube ni sama da ƙasa. "Ko dai abin da ke cin ki, ba ɗakinki aka fara yi ma ba?"

Wallahi har yau ban manta maganar nan ba. Ni da nake hana kaina ruwan wanka don in yayyafa wa uwarsa a daɓe, ni ce mai baƙin ciki? Na miƙe na ce, "Allah shi ba ka haƙuri. In na sake yi maka maganar ɗakin ga, ba a haife ni da jini ba." Na kwashe kwanukana na fita. Wannan rantsuwar ita ce tawa wautar, kuma na cika ta, kwana bakwai ban sake buɗe baki ba. Shi yana kare kwanonsa, Inna tana kare ɗanta, ni ina kare fushina.

Abin da nake iyawa na ci gaba da yi. Na jiƙa buhu in rataya a tagar, kafin in gama tankaɗe ya bushe ƙamas. In yayyafa ruwa a ƙasa, ya tashi ya zama tururi, ɗakin ya ƙara nauyi. In saci jiki daga wajen daka in yi mata fifita, iskar da maficin ke kawowa ma mai zafi ce. Da buɗa-baki ta kurɓi kunu kaɗan ta ture, wai ba ya wucewa. Ran goma sha bakwai na shiga ta ce, "Balki, kin dawo?" Balki 'yarta ce da ta rasu tun kafin a kawo ni gidan. Na ce, "Inna, Kulu ce." Ta ce ai ta sani, baki ne ya suɓuce. Tsoro ya kama ni, na fito na tsaya a ƙofar zaure, ina jin minsharin maigida. Na tuna abin da ya ce mini, na juya na koma wajen turmi.

Ran goma sha takwas hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Kowa ya fito da tukwane da ƙore. Iska ta kaɗa, aka yi tsawa biyu, ɗigo bai fi a ƙirga ba, sai ya watse. Abin da ya bari ya fi wanda ya tarar, don washegari gari ya tashi a ɗaure, babu iska ko ta kaɗa ganye, zufa tana fita ba ta bushewa.

A ranar, bayan azahar, ina dakan fura. Kullum tsakanin bugun tabarya ina jin Inna, ko tari, ko "Astagfirullah" da take ja da ƙarfi. Na ɗaga tabarya na sauke, na ɗaga na sauke, sai na lura tun ɗazu kwano kaɗai nake ji yana ƙas, ƙas. Na kira, "Inna!" Shiru. Na yar da tabaryar.

Tana kife a kan buzu, gefen fuskarta a ƙasa, carbi a naɗe a yatsu. Na juyo ta. Jikinta kamar tukunyar da aka sauke yanzu, kuma a bushe, babu ɗigon zufa ko ɗaya. Ido a buɗe rabi, numfashi sama-sama. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara bakwai ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa ganin kanta babu ɗankwali ba. Ran nan na sa hannu ƙarƙashin hammatarta na ja ta, dugaduganta suna jan ƙasa, na ratsa tsakar gida da ita, na shigar da ita ɗakin da ta ce ba za ta taɓa shiga ba. Na tuɓe mata riga. Na koma na tumɓuko randa daga cikin yashi, ban san inda na samu ƙarfin ba, na juye mata ruwan buɗa-bakin gidan gaba ɗaya, tun daga ka har ƙafa. Ragowar da ke gindin randa na ɗiba da ludayi, na ɗaga kanta, na ɗura mata a baki da rana tsaka cikin watan azumi. Na ce in zunubi ne a rubuta mini. Ta ƙware, ta yi tari, ta haɗiye.

Sai na fita zaure, babu mayafi, babu takalmi. Ban ce Malam ba, ban ce komai na ladabi ba. Na ce, "Tashi, uwarka na mutuwa!"

Ya shigo a guje. Ya gan ta kwance cikin ruwa a daɓen ɗakina, ya durƙusa yana "Inna, Inna." Na ce ya ɗauko mini zanenta a ɗakinta in rufe ta. Ya tafi. Ina jin sa'ad da ya ɗaga labulen. Bai yi daɗewar karanta fatiha ba ya fito, zanen a hannu, zufa na ɗiga daga gemunsa. Ya tsaya a bakin ƙofata yana kallona.

"Nan take wuni?"

"Yau kwana goma sha tara."

Na karɓe zanen na ce ya je ya kira malamin asibiti, ba lokacin tsayuwa ba ne.

Malamin asibiti ya zo da jakarsa, ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar da nake rataya faifai. Ya ce a ci gaba da jiƙa zane ana shafa mata. Maƙwabta suka kawo ruwansu, kowa da ɗan abin da ya rage, wata ma rabin buta ta kawo. Aka kira magariba babu wanda ya tuna da kunu. Wajen isha'i ta buɗe ido sosai, muka ce alhamdulillahi. Amma da ta yi ƙoƙarin magana sai muka ga bakin ya karkace, hannun dama kuma an ɗaga shi ya faɗi. Malamin ya ja maigida gefe. Na ji yana cewa dama jininta na hawa, zafi da ƙishirwa suka ƙarasa, rai dai Allah ya tsare, amma ɓarin jikin sai addu'a.

Washegari maigida bai je fadama ba. Rana na fitowa ya jingina tsani, ya fara ɗaukar karan dawa dami-dami yana hawa da shi. Ya shimfiɗa, ya danne da itace da duwatsu, har hantsi ya yi zafi kwano ya fara ƙona masa tafin ƙafa bai sauko ba. Masu wucewa suka tsaya. Na ji wani daga hanya yana cewa, "Nomau, lafiya? Sabon kwano?" Da ya sauko ya tafi da ƙafarsa gidan Baba Bawa. Tsohon ya zo da kayan aikinsa, bai ce ai na faɗa ba. Ya ɗaure zana biyu a ƙarƙashin kwanon, ya fasa kafar gabas ya ƙara mata faɗi, ya kafa 'yar rumfa a bakin tagar yamma. Aikin da ya hana mu barci bai ci kwana biyu ba.

Inna ta yi kwana tara a ɗakina. Ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu da cokali, ni ke yi mata abin da ba a faɗa. Maganarta ta zama gunguni, harshen ya yi nauyi, kuma a hankali sai ya zama ni kaɗai ke gane ta, don ni ke tare da ita. Kullum abu ɗaya take nema, ta nuna ƙofa da hannun hagu, a mayar da ita ɗakinta. Kunya ke cin ta a kan gadona fiye da ciwon.

Ana jibi salla, bayan la'asar, muka ɗauke ta ni da maigida, shi ta kafaɗu ni ta ƙafafu. Ɗakin ya sauya. Ba kamar soron da ba, amma mutum zai zauna ya yi numfashi, har iska na ɗan ratsowa daga gabas. Muka kwantar da ita. Ta ɗaga ido sama ta daɗe tana kallon zanar nan. Ta bi ta da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sai ta yi magana, gajeriya, ta maimaita sau biyu.

Maigida ya juyo gare ni. "Mi ta ce?"

Na ji abin da ta ce sarai. Na dube shi, ya rame cikin kwana tara, tafin ƙafarsa duk ya saɓule yana takawa da gefe. Duk fushin da na tara masa na neme shi na rasa. Na ce, "Ta ce ɗakin ya yi sanyi, Allah shi yi maka albarka."

Ya girgiza kai. "Kulu, shekara arba'in nika jin muryar uwata. Ba haka ta ce ba. Don Allah gaya mini."

Inna tana kallona, ɓarin bakinta mai lafiya yana rawa, tana jira in isar mata. Na sunkuyar da kai na ce, "Cewa ta yi, wa ya rufe mata kwanon da ɗanta ya yi mata."

Ya durƙusa a gaban gadon, ya kama hannun nan da ya mutu ya riƙe da hannu biyu. Ya ce, "Ni na, Inna. Ni na yi duka." Ta ɗago hannun hagu da ƙyar ta ɗora a kansa. Na fita na ja musu labule, na koma na hura wutar kunu, don magariba ta kusa.